Taku Goma Sha Biyu

Ni ne da laifi. Na fara da wannan ne domin na daɗe ina ba da labarin nan ta wata fuska, a majalisa da ƙofar masallaci, ina cewa matata ta yi yaji a kan kuɓewa, mutane suna dariya suna taya ni. Ƙarya nake yi, kuma na san ƙarya nake yi tun a lokacin. Yanzu da nake wannan rubutu tana tsakar gida a inuwar rakuba, wato rumfarmu ta kara, tana yanka kuɓewa tana shanyawa a tabarma. Ina jin ƙarar wuƙarta daga inda nake zaune, kuma duk lokacin da na ji sai na gode wa Allah, don saura kaɗan in rasa ta. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da 'yan shekaru a makarantar gwamnati, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru kawai.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, kudu da Mai Wurno. Kowane gida a cikinmu yana da jaraf, wato ƙasar gangaren kogi da ruwa yake rufewa da damina, idan ya janye ya bar baƙar laka mai laushi, a shuka ba taki ba ban-ruwa. Mako guda bayan an kawo matata gidanmu, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce mu bi shi jaraf, ni da ita da ƙanwarsa, wadda muke kira Gwaggo. Ya sa na ɗauko wani tsohon dutsen niƙa da ya tsage, don a ƙasarmu dutse ba abin da ake tsinta a hanya ba ne. Da muka isa ya tsaya a saman gangare, ya yi taku goma sha biyu yana ƙirgawa da ƙarfi, ya ce in binne rabin dutsen a inda ya fara. Sannan ya juya wajen amaryar, wadda ko ɗaga kai ba ta iya yi a gabansa.

"Ɗiyata, daga dutsen nan zuwa inda na tsaya, daga sama har bakin ruwa, gayaunarki ce. Abin da kika shuka naki ne. Ko ni ba ni da iko da shi, balle wannan." Ya nuna ni da sandarsa.

Na yi dariya a ranar. Shekara ashirin da biyu ke nan kafin abin da zan faɗa ya faru.

A wannan 'yar gonar take shuka lalo da yakuwa da kabewa da wake, amma abin da ta fi ji da shi kuɓewarta. Ba irin ta kasuwa ba ce. Gajera ce, mai kauri, karanta ja. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓi irin, ita kuma ta ce kakanninsu ne suka zo da shi daga yamma, da suka taho da ƙafa. Ban san ko haka ne ba, amma haka suke faɗa a gidansu. Kowace shekara takan bar layin da yake sama, kusa da dutsen, ba ta tsinkar ko ɗaya, sai kwanson ya bushe a jikin kara ya fara tsagewa. Sannan ta cire, ta murza, ta gauraya da toka, ta zuba a wata gora da take ratayewa a rufin madafa. Lokacin shuka sai ta zazzage gorar gaba ɗaya. Saboda haka akwai watanni a shekara da irin ba ya ko'ina a duniya sai a jikin karan nan na saman gangare. Na san da wannan. Ba zan ce ban sani ba.

Daga baya kogi ya daina hawowa kamar da, tun da aka tare shi daga can sama. Saman jaraf ya bushe. Shekara biyu ina ganin matata tana ɗauko ruwa a jarka a kanta tana hawa gangaren, don layin irin nan kada ya mutu. Ban taɓa karɓa mata ko sau ɗaya ba. A raina cewa nake yi ita ta ɗora wa kanta.

Mutane suka fara sayen turumba, injin da yake jawo ruwa daga kogi, suna dasa ayaba a inda ruwa ya daina kaiwa, manyan motoci suna zuwa ɗauka. Ni da ƙanena muka haɗa ƙarfi muka saya. Bayan rasuwar mahaifinmu an raba jaraf, nawa ta kudu, na ƙanena ta arewa, gayaunar matata a tsakiya. Mutumin da ya zo ya auna mana wurin ya ce jadawalin ruwa, wato babbar hanyar da za ta raba shi, a tsakiyar nan ya kamata ya bi, kuma in an haɗe wurin ya zama fili ɗaya za a sami ƙarin layin ayaba uku.

Ƙanena ya ce, "Yaya, to ka yi mata magana mana."

Na ce, "Bar wannan a hannuna."

Ban yi mata magana ba, kuma dalilin ɗaya ne. Na san abin da za ta ce, ni kuma ba na son in ji. Na jira har ƙanwarta da take aure a Suki ta haihu, ta shirya za ta je ta yi mata kwana goma. Da safen da za ta tafi, ta riga ta yafa tob ɗinta, babban mayafin matanmu, ta dawo daga ƙofar gida ta ce, "Malam, don Allah a sa ido a kan awakin mutane. Irin bai gama bushewa ba, ina dawowa zan cire." Na ce to.

Kwana biyu da tafiyarta na kira tarakta. Direban ya tsaya a gaban layin kuɓewar ya leƙo ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wannan fa? Kamar iri aka bari." Na ɗaga masa hannu na ce ya wuce. Da ya kai ƙarshen layin garmar ta bugi dutsen, ya sauko yana faɗa, ya tono shi ya mirgina shi gangare. Na ji ƙarar faɗawarsa a ruwa.

Ranar da ta dawo, ko hutawa ba ta yi ba ta ɗauki kwando ta nufi kogi. Ina zaune a ƙofar gida ta wuce ni ta gaishe ni, na amsa, na bar ta ta tafi. Wannan ma yana cikin abin da yake ci mini rai har yau, da na bar ta ta je ta gani da idonta. Ta dawo da kwandon babu komai, ta rataye shi, ta ɗora tukunya. Kwana uku tana yin duk abin da ta saba yi, ba ta ce mini kanzil ba. Har na fara cewa a raina abin ya wuce da sauƙi.

A rana ta huɗu, da hantsi, ni da ƙanena muna shan jabana, gahawar ƙasarmu, a ƙarƙashin rakuba, ta zo ta tsaya a gefe.

"Malam, ina dutsen Baba?"

Da a ce mu biyu ne kaɗai, wataƙila da na sunkuyar da kai. Amma ƙanena yana zaune, ni ne babba, kuma ni na ce masa ya bar abin a hannuna. Sai na ce, "Wane dutse kuma? Ke in kuɓewa ce damuwarki, jibi zan shiga Sinnar, in sayo miki buhun weka, ki yi ta miya har ki gaji." Weka ita ce busasshiyar kuɓewa, kowace kasuwa akwai ta.

Ta ce, "Ban tambaye ka weka ba. Dutsen na tambaya."

Na ajiye finjalin na ce, "Ke da gonar duka a ƙarƙashina kuke. Ni ba na neman izinin kowa a gidana."

Ƙanena ya zuba wa ƙasa ido. Ita kuma ta dube ni, kallon da ba ta taɓa yi mini ba a shekara ashirin da biyu, ta ce, "To. Na ji."

Washegari ta share gida, ta yi wa yara kalaci, ta ɗauki 'yar autarmu ta hau hafila, motar haya, zuwa Mai Wurno, gidan yayanta. Ba ta ɗauki kaya da yawa ba. Da na shiga madafa na ga igiyar rufi tana lilo ita kaɗai, ta tafi da gorar, ba ko ƙwaya a ciki.

Na ba ta mako guda, ina cewa za ta huce. Da ba ta dawo ba na je wajen Gwaggo na ce ta je mini biko. Na haɗa sabon tob da turare da sukari, da buhun wekar da na yi alkawari. Gwaggo ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba, kuma har yau da harshen mutanen da take magana. Ta dubi kayan ta dube ni.

"Kai ƙafarka mi ya same ta?"

"Gwaggo, ai biko manya ake aikawa."

"Manya ake aikawa in an yi faɗan gishiri ya yi yawa. To, kawo. Na daɗe ban ga Mai Wurno ba."

Da la'asar ta dawo, mai amalanke yana biye da ita da kayan duka, ko igiyar buhun ba a kwance ba.

"Sun yanka mani kaza," in ji ta, tana zama. "Mutanen kirki. Ga kayanka."

"Me ta ce?"

"Ta ce a gaishe ka da yara. Wekar kuma ta ce ka ba mabukata, Allah shi ba ka lada."

"Shi ke nan?"

"Mi kake so ta ce? Ɗan nan, ina tsaye ranar da ubanka ya yi takun nan. Da bakina na taya shi ƙirga. In ka manta, ni ban manta ba."

Ban ji ba. Na sake shawara da kaina, na ga ai ƙasa ce ta rasa, to a ba ta ƙasa. Ina da gonar damina a can bayan gari, na yanke mata wurin da ya ninka gayaunarta sau uku, na roƙi limaminmu ya kai saƙon. Shi ma ya dawo da amsa, wannan karon daga bakin yayanta. Ya ce ƙanwarsa ba ta nemi gona a wajen kowa ba. Ya ce ba zai kore ta ba kuma ba zai tilasta ta ba, amma ba zai bar ta a rataye ba. In damina ta faɗi ban zo da maganar da za ta karɓa ba, to in aiko mata da takardarta, kowa ya san inda yake.

Wannan ne karo na farko da na ji tsoro. Amma tsoron bai hana ni zuwa majalisa in ba da labarin mace da kuɓewa ba. A nan ne na ji cewa ba ni kaɗai ba ne. A shekarar nan, da zuwan turumba, mata uku ko huɗu a ƙauyenmu sun rasa gayaunarsu, wasu an gaya musu da safe an kai tarakta da rana, wasu ma kamar tawa. Mazan suna cewa ai nasu matan ba su ce komai ba. Na riƙa jin haushin tawa da ta zama daban.

A gida babbar 'yarmu ce take girki. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, amma takan ajiye kwano ta juya, ba hira. Ita ce take zuwa ta ce babu lalo, babu yakuwa, babu kabewa, ni kuma in tsaya ina kallonta, don tun da na yi aure ban taɓa sanin ana neman waɗannan abubuwa ba. Ashe duk daga taku goma sha biyun nan suke fitowa. Miyar wekar kasuwa kuwa tana da yauƙi, amma ba ta da ɗanɗano, ko kuma bakina ne.

Wata rana na kai wa Gwaggo itace, na fara yi mata ƙorafi, na ce matan su wane an karɓi nasu, suna nan a ɗakunansu lafiya lau.

Ta ce, "Lafiya lau? Ka shiga ɗakin ka gani? Zauna in gaya maka abin da ubanka bai gaya maka ba. Innarmu, kakarka, tana da gayauna. Shekarar da aka kawo noman auduga ubanmu ya haɗe ta da tashi, bai tambaye ta ba. Ba ta tahi ko'ina ba, don ba ta da inda za ta, danginta duk suna yamma. Ta zauna. Ta yi mai tuwo, ta wanke mai riga, har ya mutu. Amma tun daga ranan ba ta ƙara kiran shi cin abinci da bakinta ba, sai ta aiki ɗayanmu. In ya shigo tana dariya, dariyar ta ɗauke. A wanga gida munka tashi, ni da ubanka. Shi ya sa ya yi ma uwarka gayauna, ya yi ma matarka, ya binne dutse. Kai taka ta tahi don tana son a gyara. Ka gode ma Allah tana da yaya."

Na koma gida ban iya cin abinci ba a ranar. Amma ko a lokacin ban san ta inda zan fara ba.

Kamar wata ɗaya da rabi da dasa ayabar, muna noman ciyawa ni da ƙanena a bakin jadawal, ya ɗaga fartanya zai sare wani tsiro, idona ya kai kan karan. Ja ne. Na riƙe masa hannu. Muka duba, muka sami guda bakwai, a warwatse a tsakanin ayabar, sun kai gwiwa. Kwanson da tarakta ta binne ne ya sha ruwan turumba ya fito. Na zauna a ƙasa a wurin ina kallonsu.

Zan faɗi gaskiya a kan abin da ya fara zuwa mini a rai, ko da ba shi da kyau. Cewa na yi, shi ke nan, na sami abin da zai dawo da ita ba tare da na durƙusa wa kowa ba. In kai mata iri, ta ga iri, ta biyo ni.

Na kewaye su da ƙaya. Kullum da safe in je in duba, da yamma in koma. Awaki suka ci biyu duk da ƙayar. Tsutsa ta kama ɗaya, na bi ganye ɗaya ɗaya ina cirewa da hannu, kamar yadda na sha ganin tana yi ina wucewa, amma bai rayu ba. Da suka fara 'ya'ya sai na hana kowa taɓawa. A zaman gadin nan ne na fara ganin wurin da idonta. Inda nake tsugune ayabata ce ta kowane gefe. Ko na kai mata irin, a ina za ta shuka?

Lokacin kogi ya ja baya ƙwarai, kamar yadda yake yi kafin damina. Na sauka na bi laka ina caccaka da sanda, kwana biyu, har na ji sandar ta bugi abu mai tauri. Na tono dutsen, na ɗaura masa igiya na jawo shi gangaren ni kaɗai. Da na kai sama numfashina kamar zai fita, na tuna ita da jarka a ka, shekara biyu.

Na sami ƙanena na ce za a tuge layi ukun tsakiya, jadawal kuma zai koma ta cikin rabona, ya zagaya.

Ya ce, "Yaya, ayabar da ta kama? Kuma in ruwa ya zagaya, layinka na ƙarshe ba zai ƙoshi ba."

"Na sani. Nawa ne zai ji ƙishi, naka ba abin da zai same shi."

"Mutane fa za su ce mace ta juya ka."

"Su faɗa. Ni ma na faɗa a kan wasu."

Ya ce, "Wallahi tun ranar jabanar nan ban ƙara jin daɗin shiga gidanka ba." Ya ɗauko shebur ya taya ni. Kwana tara muka yi muna haƙa.

Da muka gama na je na ɗauko Gwaggo a kan amalanken jaki, don ita kaɗai ta rage a cikin manyan da suka ga inda aka binne dutsen. Ta nuna wurin da sandarta, na binne. Na yi taku goma sha biyu ina ƙirgawa da ƙarfi, na tsaya.

"Ƙara ɗaya," in ji ta.

"Gwaggo, sha biyu ne fa."

"Sha biyun ubanka. Shi dogo ne, kai ka ɗauko ƙafar dangin uwarka. Ƙara ɗaya."

Na ƙara. Can daga baya, ranar da matata ta dawo, kafin ta shiga gida sai da ta je wurin ta auna da ƙafarta. Ta ce mini kamar ya fi da faɗi. Na ce aikin Gwaggo ne. Ta ce, "Allah ya saka wa Gwaggo," ta yi dariya, dariyar da na yi wata huɗu ban ji ba. Tun daga ranar ita take buɗe wa gonarta ruwa daga jadawal, kuma layina na ƙarshe har yau ayabarsa ƙanana ce. Ba na kallonsa da baƙin ciki. Amma na yi gaba da labari, bari in koma.

Kwanson ya bushe daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Daga kara huɗun da suka tsira na cire abin da ya cika ɗan ƙyalle. Na ɗaure, na sa rigata ta Juma'a, na ce Gwaggo ta raka ni. Muka hau hafila zuwa Mai Wurno da safe.

Yayanta ya karɓe mu a zaure. Mutum ne mai sanyin magana, kuma ya girme ni sosai. Aka kawo ruwa, aka kawo shayi, muka gaisa, ya tambayi yara da kogi da ayaba. Sai da shayin ya kai rabi ya ce, "Takardar ka kawo?"

Na ce, "A'a, Yaya. Ina roƙon a ba ni dama in gan ta."

Ya aika aka kira ta. Ta zo ta zauna a bakin ƙofa, ta gaida Gwaggo sosai, ni kuma ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo. Ta rame. Na kwance ƙyallen na tura gabanta. Ta daɗe tana kallo kafin ta ɗauki kwanso ɗaya, ta fasa, ta zuba 'ya'yan a tafin hannu, ta juya su da yatsa. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta ja gefen tob ta share. Sai na sami ƙarfin gwiwa, na shiga ba da labari, yadda suka tsiro, yadda na yi gadi, yadda na tono dutsen, yadda muka tuge ayaba muka karkatar da jadawal, da cewa yanzu ba sauran ɗaukar jarka. Na yi ta zuba kamar mai talla.

Ta bari har na gama. Ta ƙulle ƙyallen ta ajiye a cinyarta.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Irin na Inna ne, gonar Baba ya ba ni. Ka mayar mini da abina, na karɓa. Sai me, Malam?"

Na dubi yayanta, ya duƙufa yana juya cokali a kofin da ba sauran sukari. Na dubi Gwaggo.

"Kada ka dube ni," in ji ta. "Ni rakiya na yi."

Na gane ba abin da ya rage a hannuna da zan tura gabanta. A shekara ashirin da biyu ban taɓa ba ta haƙuri da bakina ba, in na ɓata mata sai dai in shigo da nama ko turare, ita kuma ta gane ta bar maganar. Na sauko daga kujerar da aka ba ni na zauna a tabarma, daidai da ita.

Na ce, "Uwar yara, na zalunce ki. Na san gonar taki ce, na san abin da yake jikin karan nan, kin ba ni amana da bakinki na ce to, kuma na jira kika tafi don kada in ji kin ce a'a. Na bar ki kika je kika gani ke kaɗai. Da kika tambaye ni, na wulaƙanta ki a gaban ƙanena, na gaya miki maganar da ba gaskiya ba ce, don Baba ya ce ba ni da iko da wurin, kuma ke ba kaya ba ce. Bayan kin tafi na mayar da ke abin dariya a majalisa. Duk wannan ni na yi, ba wanda ya sa ni. Ga Yaya ga Gwaggo su zama shaida, ba zan ƙara taɓa abin da yake naki ba sai na tambaye ki, in kika ce a'a kuma a'a ce. Ko za ki dawo ko ba za ki dawo ba, wannan a hannunki yake. Ki yafe mini, don Allah."